Suna Linzami: Nasiha Ga Mawaƙa Da Marubutan Zango

  

Abin da ya jawo maganarmu ta wannan wata shi ne, kwanakin baya muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar sai wani yaro ɗan maƙwabcinmu ya zo ya durƙusa ya gaishe mu, ya miƙo mana wayarsa ya ce, "Baba, don Allah ku saurari wannan." Muka saurara. Waƙa ce da kusan duk unguwar nan an san ta, domin babu bikin da aka yi a 'yan watannin nan ba a sa ta ba, har jikokinmu na rera ta a tsakar gida. Muka ce masa ai mun san ta. Sai ya ce, "To Baba, ni na yi ta." Muka dube shi cike da mamaki, domin yaron nan a gabanmu aka haife shi, amma ko da wasa ba mu taɓa jin an danganta waƙar da shi ba. Da muka bincika sai muka tarar a cikin shekara huɗu ya sake sunan waƙa har sau uku. Da fari ya ari sunan wani mawaƙin Kano ya ƙara masa "Ƙarami", daga baya ya koma wani suna irin na mawaƙan Amurka wanda ko mahaifiyarsa ba ta iya faɗa, yanzu kuma yana kan na uku. Ita kuwa waƙar, a situdiyon wani ya yi ta bashi, babu takarda babu shaida, mai situdiyon ya sake ta da tambarinsa a kai, babu sunan yaron ko a ina.

Ba a yi mako biyu da wannan ba sai ga wasiƙa daga wata 'yarmu a Kumasi. Ta ce ta rubuta labari mai tsawo tana sakinsa shafi-shafi a WhatsApp, mata suna bi suna yabawa, sai kwatsam wata ƙawarta ta turo mata labarin nata daga wani wuri, an cire sunanta an sa na wata, har ana karɓar kuɗi kafin a karanta. Tambayarta ita ce, yaya mutum zai yi a san shi da aikinsa alhali ba shi da kamfani, ba shi da ubangida, kuma yana rubutu da harshen da ba shi ne na yawancin mutanen ƙasa ba?

To, wannan ita ce tambayar da za mu gwada amsawa. Masu ilmin kasuwanci na zamani suna da dogon Turanci a kanta, suna shirya taruka suna karɓar kuɗin shiga. Mu dai a Hausance abin da ake nufi shi ne yin suna. Kuma abin da muka fahimta bayan shekarun da muka yi muna kallon masu tashi da masu faɗuwa shi ne, suna alkawari ne. Idan aka ambaci sunanka, akwai abin da mutane ke sa ran samu daga gare ka, in sun zo sun same shi yau, sun same shi gobe, sun same shi baɗi, to ka yi suna. In kuwa kullum suka zo sai su tarar da wani abu dabam, ko hotonka ya cika gari ba ka yi ba.

Wannan ba baƙon ilmi ba ne a zango, da shi aka kafa zangon kansa. Kakanninmu fatake da suka riƙa ɗauko goro daga Salaga, daga baya kuma daga Kumasi, ba su da banki ba su da lauya. Baƙo zai zo da shanu ko da kaya ya sauka a gidan maigida, maigida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, a sayar da kayan bashi, maigida ya tsaya a kan cewa za a biya. Me ya sa baƙon da ya fito daga wata uwa duniya zai yarda ya bar dukiyarsa a hannun mutumin da bai taɓa gani ba? Saboda sunansa da ya ji a bakin waɗanda suka riga shi zuwa. Jarin maigida ke nan. Ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga shi isa arewa, gidansa ya zama kufai.

Ko a yau ma ku dubi masu koko da masu wake da shinkafa. Duk faɗin ƙasar nan, wanda ke jin Hausa da wanda ba ya ji, in zai sayi kokon gero mai citta da kanumfari sunan Hausa yake kira, ita ma wake da shinkafa da sunanmu na wake ta shiga bakin kowa. A kowace unguwa za ka tarar da Hajiya guda wadda ake bin layi a gabanta tun da asuba alhali ga wasu masu irin sana'ar kusa da ita suna korar ƙuda. Ba ta taɓa buga talla a jarida ba. Wurin zamanta ɗaya, lokacin fitowarta ɗaya, ɗanɗanon abincinta ɗaya shekara da shekaru. Mawaƙi da marubuci ba su fi ƙarfin su koyi darasi a wurinta ba.

Saboda haka abu na farko shi ne sunan kansa. Ka zaɓi ɗaya, wanda yake naka, wanda tsohuwa za ta iya faɗa yaro ya iya rubutawa, sa'an nan ka zauna a kansa. Marigayi Adamu Wayya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, bai je neman suna a nesa ba. Maraya ne tun yana ƙarami, sai ya ɗauki maraicin nan da garin da yake zaune ya zama Ɗan Maraya Jos, kuma da wannan suna ya zagaya duniya. Ado Ahmad ya jingina sunansa da Gidan Dabino, ya sa shi a littattafansa, ya sa shi a kamfaninsa na ɗab'i, ya sa shi a finafinansa, har ya zamana in an ce Gidan Dabino an gama magana. Aminu Ladan Abubakar, wanda ya fara da rubuta littattafai kafin waƙa ta fito da shi, haruffan farko na sunansa ya haɗa ya zama Ala. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ari sunan wani ya ƙara masa "Ƙarami". Wanda ya yi haka talla yake yi wa mai sunan kyauta, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Mun san abin da ke sa yaranmu gudun sunansu da na unguwarsu. Suna ganin in an ji ɗan zango ne za a raina shi. To bari mu ba ku labarin wata 'yar'uwarmu da ta zauna cikin irin halin da muke ciki. A'isha Musa Ahmad an haife ta a Kasala ta ƙasar Sudan a 1905, mahaifiyarta Bahaushiya ce, mahaifinta malami. A can duk wanda asalinsa ya fito daga yammacin Afirka Fallata ake ce masa, kuma sau da yawa ba da yabo ake faɗin kalmar ba. Ta fara waƙa a gidajen biki, danginta ba su so ba. Amma a 1942 ta zama mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a gidan rediyon Omdurman, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ta bi sansanonin sojojin Sudan tana yi musu waƙa. Da wane suna aka san ta? A'isha Falatiya. Sunan nan da ake yi wa mutanenta gori da shi, shi ta riƙe har ta rasu a 1974, ta yi waƙa da Larabci ta yi da Hausa, kuma yau ba a ba da tarihin waƙar Sudan a tsallake ta.

Ba sai mun je Sudan ba ma. Yaran nan na ƙungiyar VIP a Nima suka tashi, a lokacin da ambaton Nima kan sa wasu mutanen Akra su taɓe baki. Ba su ɓoye unguwarsu ba, suka riƙa kiran sunanta a waƙoƙinsu, suna cakuɗa Hausa da Tonanci da Turancin kasuwa kamar yadda ake yi a kan titin Nima, kuma a 2004 su aka zaɓa gwarazan mawaƙan shekara na ƙasar Gana baki ɗaya. Darasin a nan shi ne, Hausarmu ta zango, wadda wasu ke jin kunyarta in sun haɗu da Bakano, ita ce abin da muke da shi wanda Bakano ba shi da shi. Mawaƙan da ke waƙa da Hausar Kano sun fi a ƙirga, kuma ba za ka fi su iya ta ba. Amma wa zai ba da labarin gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya, ko na yaron da ke Hausa a gida, Tonanci a kasuwa, Turanci a makaranta, in ba kai ba?

Abu na biyu, ka samu abu guda wanda da an ji shi ko an gan shi za a ce wane ne. Hausawa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa kowane sarki da kowane gwani yake da takensa, makaɗi na taɓa ganga an san wanda ake nufi tun ba a buɗe baki ba. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, ya yi fiye da shekara hamsin yana waƙa da kalangu da 'yan amshi, zamani ya kawo garmaho ya kawo kaset ya kawo bidiyo, bai ajiye kalangunsa ba, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ɗan Maraya kuwa kuntigi ne kawai a hannunsa, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake yi da gwangwani da fata, ya kuma zaɓi ya waƙe talakawa irin su karen mota a lokacin da wasu ke bin fada. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ƙwarya ta riƙe da kiɗan amada, mata take yi wa magana a kan zaman gida da kama sana'a. Kowannensu ƙaramin fili ya shata wa kansa, ya yi ta nomansa har ya zama babu mai ja da shi a ciki.

Yaranmu kuwa yau za ka ji sun yi irin kiɗan Legas, gobe irin na finafinan Kano, jibi irin na Jamaika, duk abin da ake yayi. Ba mu ce kada a gwada sabon abu ba, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Amma a bar wani zare da mai sauraro zai riƙe: ko murya, ko kayan kiɗa, ko irin mutanen da kake magana a kansu. Haka marubuciya. In an san ki da labarin zaman kishiyoyi a gidan haya, ko da labarin 'yan ci-rani, ki zurfafa a nan tukuna kafin ki tsallaka wani fage.

Abu na uku ya shafi masu cewa ba su da kamfani. Ku tambayi tarihin marubutan Kano. A da, in kamfanin ɗab'i na Zariya bai karɓi littafinka ba, to sai dai ka ajiye shi a akwati. Da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, manyan kamfanoni suka koma buga littattafan makaranta kusan kaɗai, sai matasa maza da mata suka daina jira. Mutum zai tara kuɗinsa, ya kai rubutunsa ƙaramar maɗaba'a, a buga masa a takarda mai araha, ya raba labarin kashi-kashi domin kuɗin na ɗaya ya buga na biyu, ya ɗauka da kansa ya kai wa masu sayar da littattafai a kasuwa, ya kai gidan rediyo a karanta. Ta wannan hanya Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, ta haka Ado Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Wasu masana suka raina su, suka laƙaba wa aikinsu adabin kasuwar Kano. Ba su fasa ba. A 2012 wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga fassarar Turanci ta littafin Hajiya Balaraba mai suna Alhaki Kuykuyo Ne, littafin da aka rubuta domin matan cikin gida a Kano.

Abin lura kuma shi ne ba su yi tafiyar a warwatse ba. Sun kafa ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, suna duba rubutun juna, kuma littafin ɗaya kan ɗauki jerin sunayen littattafan sauran, wanda ya sayi na wannan sai ya san da na wancan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu a nan abin takaici shi ne, mawaƙa biyar a unguwa ɗaya kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa lambar mai shirin Hausa a gidan rediyo. In da za su haɗa kuɗi su kama zaure ɗaya bayan salla su yi wasa tare, kowa ya gayyato mutanensa, da kowannensu ya koma gida da masu sauraro ninki biyar.

Wannan ya kawo mu ga abu na huɗu, wato mutanenka. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano ya zauna a Salaga sa'an nan ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi a 1934, ya rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami a zamanin da babu maɗaba'a a kusa da shi balle rediyo. Amma rubutunsa ya kai zanguna masu nisa, domin almajiransa sun kwafa da hannu sun tafi da shi duk inda suka je. Mutanen da suka san shi ido da ido su suka ɗauki sunansa. Har gobe haka abin yake. Mutum ɗari biyu da za su fito da kuɗinsu su sayi littafinki, ko su kira ka bikin 'yarsu, sun fi dubu hamsin da suka danna maka alamar so suka wuce.

Muna faɗin haka ne domin yaron da muka ba ku labarinsa ya gaya mana ya taɓa biyan wani kuɗi domin a ƙara masa mabiya a Instagram. Aka ƙara masa dubbai, amma ranar da ya kira wasa ko kujera ashirin ba a cika ba, saboda mabiyan na bogi ne. Ku kuma san yadda lissafin waɗannan kamfanoni yake kafin ku dogara da su. Spotify ya shigo Gana a 2021, amma tun daga 2024 waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 a cikin shekara ba ba ya biyan ko kwabo a kanta. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai dogon bidiyo sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata goma sha biyu. Ga mai waƙa da Hausa a ƙasar da Hausawa ba su da rinjaye, wannan tafiya ce mai nisa. A sa waƙa a can, a sa a Audiomack da Boomplay domin a same ka in an neme ka, har 'yan'uwa da ke Jamus da Amurka su ji. Amma abincin yau yana wurin biki da suna da wasan salla.

Kada kuma ka gina gidanka duka a filin aro. Marubutan Hausa da dama sun zuba littattafansu a OkadaBooks suna sayarwa, sai a watan Nuwamba na 2023 kamfanin ya rufe. Wadda ta san masu karatunta ta riƙe lambobinsu, ta koma wani wuri da su. Wadda ba ta san ko mutum ɗaya ba sai ta koma farawa daga tushe. Saboda haka ki sayi littafin rubutu na sidi kaɗan, duk wanda ya taɓa sayen aikinki ki nemi izninsa ki rubuta sunansa da garinsa da lambarsa. Ranar da sabon aiki ya fito su za ki fara sanarwa, su biya ta kuɗin waya. Wannan littafi ya fi duk wata manhaja aminci, domin ba mai rufe shi sai ke.

Abu na biyar shi ne takarda, kuma a nan ne aka fi cutar yaranmu. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana, wato doka mai lamba 690 ta shekarar 2005, ta ba mai aiki haƙƙin aikinsa tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa, ma'ana gado ne da 'ya'ya da jikoki za su ci. Amma a waƙa haƙƙi biyu ne. Akwai na kalmomi da karin waƙar, wanda yake na wanda ya ƙirƙira, akwai kuma na ɗaukar da aka yi a situdiyo, wanda sau da yawa yakan zama na wanda ya ɗauki nauyin aikin. In ka shiga situdiyo bashi ba ku rubuta kome ba, ka buɗe ƙofar rigima da hannunka. Kafin a kunna na'ura ku rubuta a takarda ko da shafi ɗaya ne: wa ya yi waƙa, wa ya yi kiɗa, nawa aka biya, sunan wa zai fito, yaya za a raba abin da ya shigo. Ku sa hannu, shaidu biyu su sa. Akwai ofishin haƙƙin mallaka a Akra inda ake rajistar aiki, akwai GHAMRO mai karɓar wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu, akwai ƙungiyar mawaƙa ta MUSIGA, marubuta kuma akwai CopyGhana. Ba mu ce kuɗin da ke fitowa daga nan zai gina maka gida ba, amma sunanka ya shiga rajista, ranar gardama kana da abin nunawa. Mawaƙi ya ambaci sunansa a cikin waƙar kanta, kamar yadda magabata ke yi, marubuciya kuma ta sa sunanta a kan kowane shafi da ta saki, ta ajiye rubutunta na asali da kwanan watansa.

Abu na shida, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne hali. Alkawari kaya ne. An ba ka kuɗin kafin alkalami za ka zo biki ƙarfe huɗu, ka zo ƙarfe huɗu. Kin ce kashi na biyu zai fito bayan salla, ya fito bayan salla, in kuwa ba zai samu ba ki fito ki faɗa tun da wuri. Zango ƙaramin gari ne ko da yana cikin babban birni, abin da ka yi a Nima da safe kafin magariba an ji shi a Aboabo. Sai kuma a yi hattara da lokacin zaɓe. Ɗan siyasa zai ba ka a dare ɗaya abin da ba ka samu a wata shida, ka zagi abokin hamayyarsa. Zaɓe zai wuce, su biyun su shirya su ci abinci tare, kai kuwa rabin unguwa sun daina kiranka biki. Kowa na da 'yancin ra'ayinsa, amma ka auna abin da za ka sayar da abin da za a ba ka.

Wani zai ce, duk wannan ba tallar kai ba ce, alhali an hore mu da kunya, an ce yabon kai jahilci? Gaskiya ne an faɗa. Amma akwai bambanci tsakanin mai cika baki a kan abin da bai yi ba da mai sa hannu a kan abin da ya yi. Maƙeri na sa alamarsa a jikin fartanya, ba wanda ya ce ya yi girman kai. Shata kansa yana da Bakandamiya, waƙar da ya yi wa kansa kirari a cikinta, jama'a kuma suka karɓa domin aikin da ke bayanta ya kai. Abin kunya shi ne ka yi aiki wani ya ci, 'ya'yanka su tashi ba su san kai ka yi ba.

Muna kuma da magana da iyaye da masu hali na zango. Sau nawa muke ɗauko mawaƙi daga wata ƙasa mu biya masa jirgi da masauki, namu na gida kuwa mu ce ya zo ya taya mu don zumunci? Sau nawa 'yarmu za ta buga littafi mu ce ta ba mu kyauta mu gani? In ba mu sayi namu ba, ba mu da bakin cewa yaranmu sun gudu sun bar harshensu. Ku saya, ku biya, in sun yi kuskure ku gyara musu a gida.

Shi dai yaron namu, mun tafi da shi da mahaifinsa wurin mai situdiyon, muka zauna a gaban wani dattijon unguwa. Ba a rabu da daɗi sosai ba, domin kuɗin da waƙar ta riga ta kawo babu wanda ya iya cewa ga adadinsu, kuma babu takardar da za a kama. Amma an biya bashin situdiyo, an rubuta yarjejeniya, an mayar da sunansa a kan waƙar. Da za mu rabu ya ce, "Baba, to wane suna zan riƙe?" Muka ce masa, "Ɗana, wane suna mahaifiyarka ke kiranka da shi, kuma wace unguwa ce ta raine ka?" Ya yi dariya ya ce ai wannan sunan ba shi da armashi. Muka ce ya ba shi shekara biyar yana aiki a ƙarƙashinsa, sa'an nan ya dawo mu sake magana. Sannu ba ta hana zuwa. Ita kuma 'yarmu ta Kumasi mun aika mata amsa, muna fatan abin da muka faɗa a nan ya ƙara mata haske.

A nan za mu dakata. Duk mai ƙarin bayani ko gyara, musamman mawaƙa da marubutan da suka daɗe a cikin sana'ar, fili a buɗe yake, a rubuto mana ta ofishin wannan mujalla. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.